Bashin kanti ya taru, hantsar shanu na kumbura: in sayar da yankin gonata?

"Assalamu alaikum Likita, Allah ya ƙara basira. Ina zaune a yankin da kusan kowa da madarar shanu yake rayuwa. Ina da manyan shanu 7, amma 4 kaɗai ake tatsa yanzu, sai gona hekta 3 da mahaifinmu ya bari, a cikinta nake noma ciyawa da abincin gida. Kuɗin madara sai ƙarshen wata ake biyan mu, shi ya sa duk cefane bashi muke ɗauka a kanti, har littafin ya yi nauyi. Biyu daga cikin shanun hantsarsu tana kumbura lokaci-lokaci, mu gasa da ruwan ɗumi mu shafa maganin gida, kumburin ya sauka, bayan 'yan makonni ya dawo. Sau biyu a watan nan aka dawo mini da madara daga wurin da ake tara ta. Ga wani ya zo ta hannun dillali yana son hekta 1 ta bakin hanya, kuɗi a hannu. In sayar in biya bashi in huta? Sannan maganin gida da muke yi wa shanu da yara, wanne ya kamata mu ci gaba da shi?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Allah ya yaye, ya sa albarka a garke. Idan na fahimce ka da kyau, abu uku ka haɗa: bashin cefane da ya taru, ciwon hantsa da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, da mai sayen gona da ke jiran amsarka. Kai kana ganin na ukun ne maganin na farko. Ni kuwa, bayan shekarun da na yi ina shiga garke-garke ina duba shanun tatsa, ina ganin na biyun ne ya haifi na farko. Idan ka sayar da gonar ba ka taɓa shi ba, nan da shekara biyu littafin kanti zai sake cika, a lokacin kuma babu hektar bakin hanya da za a sayar. Don haka kada ka sayar yanzu. Ka ba kanka wata uku ka yi abubuwan da zan faɗa maka, sannan ka sake duba lissafin.

Shanu 7, tatsa 4

Wannan ce lambar da ta fara tsaya mini a wasiƙarka. Saniya tana ɗaukar ciki kwana 280 da ɗoriya. Idan ta haihu, madararta tana hauhawa har ta kai ƙololuwa tsakanin mako na 4 da na 8, daga nan ta riƙa sauka a hankali. A garken da ke tafiya daidai ana tatsar ta kimanin kwana 305, a bar ta ta huta kwana 60 kafin haihuwa ta gaba. Ke nan cikin wata 12, goma tana ba da madara, kuma mai shanu 7 ya kamata a mafi yawan lokaci a same shi yana tatsar 5 ko 6. To ukun nan da ba a tatsa, me suke ciki? Idan cikinsu ya tsufa, madalla, kuɗi ne ke tafe. Idan kuwa akwai wadda ta daɗe da ƙafewa kuma ba ta ɗauki ciki ba, ita ma tana cikin masu cin bashin kantin nan.

Dubi abin da suke ci. Saniyar da ake tatsa tana bukatar busasshen abinci kusan kashi 3 cikin 100 na nauyinta kowace rana. Mai kilo 400 ke nan kilo 12, kuma da yake ɗanyar ciyawa yawancinta ruwa ce, sai ta ci kilo 50 zuwa 60 kafin ta samu hakan. A shekara ya haura tan 4 na busasshe. Wadda ba a tatsa ba ta kai haka ba, amma ita ma tana cinye kusan tan 3 ba ta kawo ko lita ɗaya ba.

Ka kira likitan dabbobi ya duba ukun nan da hannu. Daga wajen wata biyu ana gane ciki ba tare da shakka ba. Wadda babu ciki, kuma ta tsufa ko an yi ta kai ta wurin bijimi ba ta riƙe ba, ita ce abin sayarwa na farko. Na san maganar tana da zafi. Na ga dattijon da ya juya baya don kada ya ga ana loda saniyar da ya raina tun tana maraƙa. Amma saniya tana da madadi: maraƙar da ke ɗaure a turke yau, nan da shekara biyu zuwa uku ta zama uwa. Hektar da ta fita daga hannunka ba ta da 'yar da za ta maye gurbinta.

Hantsar da ke lafawa tana dawowa

A nan zan daɗe, domin a nan nake zargin kuɗinka ke zurarewa.

Hantsar saniya ɗaki huɗu ce, kowane ɗaki da kan nononsa, kuma ba su haɗe ta ciki ba. Ƙwayar cuta ta ƙofar kan nono take shiga, ƙofar da ke zama a buɗe rabin awa ko fiye bayan an gama tatsa. Hanyar zuwanta biyu ce. Akwai wadda ke tashi daga saniya zuwa saniya ta hannun mai tatsa da tsumman da ake goge hantsa, fitacciyarsu ita ce sitafilokokus. Akwai kuma wadda ke cikin kashi da jiƙaƙƙen makwanci, irin su ikolai. Kumburin da ke sauka ya dawo a ɗaki ɗaya, kamar yadda ka kwatanta, ɗabi'ar rukunin farko ce. Ƙwayar tana gina ƙananan maruru a can cikin hantsa ta ɓuya. Gashin ruwan ɗumi yana rage zafi, yana sa madara ta sauko, kuma ban hana ka shi ba. Amma ƙwayar tana nan. Duk tashin da ciwon ya yi sai ya bar tabo, tabon ya ci wurin naman da ke samar da madara, har wata rana ka taɓa ɗakin ka ji shi tauri kamar dutse, ya mutu. Ɗaki ɗaya ya mutu, kusan rubu'in madarar saniyar ya tafi har abada.

Abin da ya fi wannan ɓarna shi ne wanda ido ba ya gani. A garken da aka samu biyu masu kumburi, da wuya sauran su zama lafiya lau. Ciwon hantsa na ɓoye ya fi na fili yawa nesa ba kusa ba: babu kumburi, madara fara tas, amma ɗakin yana ba da ƙasa da abin da ya kamata. Akwai gwaji mai sauƙi da aka ƙirƙiro a Kalifoniya ta Amurka a 1957, wanda har yau ake amfani da shi a duk duniya. Faranti ne mai gurbi huɗu. A tatso kaɗan daga kowane kan nono a gurbinsa, a zuba ruwan gwajin daidai yawan madarar, a jujjuya. Gurbin da ya yi yauƙi, ɗakinsa na da ciwo. Ba ya ɗaukar minti guda. Abin da yake nunawa shi ne yawan ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta da suka kwararo cikin madarar. A ɗakin awo, idan suka haura 200,000 a mililita ɗaya ana ɗaukar cewa akwai cuta. Ka sa a gwada duk huɗun da kake tatsa, ka rubuta sakamakon ɗaki-ɗaki.

Maganin wannan matsala tun shekarun 1960 masu bincike a Ingila suka tsara shi, kuma mafi yawansa ba ya cin kuɗi. Mai tatsa ya wanke hannu da sabulu. Kowace saniya da tsummanta, a wanke a shanya a rana bayan kowace tatsa. A goge kan nono ya bushe kafin a fara. Tsirtowar farko a yi ta a cikin baƙin kofi don a ga ko akwai gudaji, kada a yi ta a ƙasa inda saniya za ta kwanta. Kada a tsoma yatsu cikin madara don a jiƙa kan nono. Masu lafiya su ake fara tatsa, masu ciwo a ƙarshe. Ana gamawa a tsoma kowane kan nono cikin ruwan aidin na musamman da ake sayarwa don haka, sannan a zuba musu abinci nan take domin su tsaya a tsaye har ƙofar ta rufe. Na taɓa zuwa wani gida da suka yi ta sayen allura wata bayan wata ciwon yana zagaya garken. Da na tsaya na kalli tatsar safe, sai na ga tsumma guda a bokiti guda, da shi ake goge shanu duka, kuma da mai ciwon ake farawa don ita ce kusa da ƙofa. Abin da muka canza ke nan, sai tsoma kan nono. Sabon kamu ya tsaya.

Su kuma biyun da ciwon ya zauna musu, lokacin da magani ya fi kama su shi ne ranar da za a daina tatsar su. Likita yana matsa wani magani mai daɗewa a kowane kan nono, ya yi aiki tsawon hutun. Idan bayan haihuwa ɗakin ya sake yin yauƙi, saniyar ta shiga layin sayarwa, domin ta zama rumbun cuta ga sauran.

Akwai kuma ranar da ba a jira. Zafin jikin saniya tsakanin digiri 38 ne da 39 da ɗan wani abu. Ka sayi ma'aunin zafi, yana cikin kaya mafi araha kuma mafi amfani a garke. Idan ya wuce 39.5, ko madara ta koma ruwa-ruwa ko ta haɗu da jini, ko saniya ta ƙi cin abinci, ko kan nono ya yi sanyi ya fara baƙi, to likita za a kira a ranar. Irin wannan yana kashe saniya cikin kwana ɗaya ko biyu.

Madarar da aka dawo maka da ita kuwa, ka koma ka tambayi dalili, kada ka ji kunya. A irin waɗannan wurare ana auna kaurin madara don gano ko an ƙara ruwa, ana haɗa ta da sinadarin da ke sa ta guntse idan ta fara tsami ko ta fito daga hantsa mai ciwo, wasu kuma suna gwada ragowar maganin allura. Kowanne da gyaransa. Idan tsami ne, ka duba tsawon lokacin da take yi kafin ta isa wurin sanyaya (a yi ƙoƙari kada ya wuce awa biyu), ka daina haɗa ta yamma da ta safe, ka bar jarkar roba mai ƙaramin baki da hannu ba ya shiga ya wanke, ka koma gwangwanin ƙarfe mai faɗin baki. Idan ragowar magani ne, kowane kwalba yana ɗauke da adadin kwanakin da za a zubar da madarar saniyar da aka yi wa. Madarar saniya ɗaya mai magani tana iya ɓata tanki guda, kuma tafasawa ba ta fitar da shi. Idan madarar yini guda aka dawo maka da ita kowane karo, kwana 2 cikin 30 ke nan, kusan kashi 7 cikin 100 na kuɗin watan. Ka kwatanta shi da abin da ke ƙaruwa a littafin kanti kowane wata.

Maganin gida: na riƙewa da na bari

Ba na cikin masu raina abin da iyaye suka gada. Wanda likita ke nesa da shi dole ya san abin da zai yi kafin a iso. Ruwan gishiri na wanke rauni yana da kyau: ƙaramin cokali ɗaya a rabin lita na ruwan da aka tafasa ya huce. Zuma a kan tsabtataccen rauni tana taimakawa. Idan ciki ya kumbura ta gefen hagu bayan saniya ta ci ɗanyar ciyawa mai laushi da yawa, man girki mililita 250 zuwa 500 yana fasa kumfar, muddin tana tsaye tana iya haɗiya, kuma a ba ta a hankali ba tare da an ɗaga kanta sama sosai ba. A Indiya ma hukumar raya harkar madara ta ƙasar tana koyar da manoma shafa haɗin alobera da kurkum a bayan hantsa. Ka lura, a bayan hantsa. Ƙa'idata ke nan: abin shafawa a waje, in dai ba mai ƙuna ba ne, ba ni da ja. Amma kada a tura komai ta ƙofar kan nono, ko tsinke ne ko gashin tsuntsu ko ruwan ganye. Da hannunka kake shigar da cuta.

Waɗanda nake roƙon ka bari su ne waɗanda na ga sun yi kisa. Baƙin mai da kananzir a kan rauni ko kaska. Maganin feshin gona a jikin dabba. Jan mabiyiya da ƙarfi ko ɗaura mata dutse idan ta ƙi faɗowa. Ka bar ta, ka riƙa auna zafin jiki, idan ta wuce yini guda ka kira likita. Sai ɗura wa saniyar da ta kwanta ta kasa tashi. Saniyar da ta faɗi cikin kwana uku da haihuwa, kunnuwanta sun yi sanyi, ta lanƙwasa wuya ta ɗora kai a haƙarƙari, galibi sinadarin kalsiyam ne ya yi ƙasa a jininta. Maƙogwaronta ba ya aiki sosai a lokacin, abin da ka ɗura huhu zai tafi. Ruwan kalsiyam da likita ke sa wa ta jijiya a hankali yana tayar da ita, wani lokaci tun bai bar gidan ba.

Ga wani da mutane da yawa ba su sani ba. Maraƙi mai zawo ba a haɗa masa ruwan gishiri da sukarin shayi irin na yara. Cikinsa ba ya narkar da wannan sukarin, zawon ƙaruwa zai yi. Gulukos yake bukata, ko garin da aka haɗa don maruƙa, kuma kada a hana shi madara. Rigakafin zawon ma tun ranar haihuwa yake: dakashi, wato madarar farko bayan haihuwa, kimanin kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, cikin awa shida na farko. Bayan yini guda hanjinsa ya daina ɗaukar garkuwar da ke ciki.

Game da yara, ni likitan dabbobi ne, lafiyarsu ta ma'aikatan asibiti ce. Amma abin da ke fitowa daga saniya ya shiga cikinsu hurumina ne, kuma a kansa ba na sassautawa: a tafasa madara kafin kowa ya sha. Bakkale, cutar da ke sa saniya ɓari a ƙarshen ciki, tana kama mutum ta ɗanyar madara da taɓa ɓarin da hannu tsirara, ta zo masa da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, gumin dare da ciwon gaɓoɓi, a yi ta shan maganin zazzaɓin cizon sauro a banza. Tarin fuka na shanu ma ta madara yake bi. Kamfanoni suna dumama ta a digiri 63 na minti 30, ko digiri 72 na daƙiƙa 15. A gida a bar ta ta tafaso ya wadatar. Tsami shi kaɗai ba ya tabbatar da cewa ƙwayoyin sun mutu, don haka wadda za a bari ta yi tsami ma a fara tafasa ta. Idan yaro ya ƙone, ruwa mai sanyi za a yi ta kwarara wa wurin har minti 20, kada a shafa man shanu, yana riƙe zafin ne a ciki. Ba a ba jaririn da bai cika shekara ba zuma. Mai gudawa a ba shi ruwan gishiri da sukari na fakiti, in babu a haɗa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, idan ya ƙi sha ko idonsa ya faɗa a tafi asibiti. Sannan maganin dabba na dabba ne. Kada wani a gidan ya sha, kuma kada a juye maganin kaska a kwalbar lemo a ajiye inda hannun yaro zai kai.

Littafin kanti

Bashin nan yana da uwa biyu. Ta farko ita ce madarar da ta ragu, mun yi maganarta. Ta biyu ita ce lokaci: ciki kullum yake ci, kuɗi sau ɗaya a wata yake zuwa. Wanda ke cikin wannan hali yana sayen komai kaɗan-kaɗan, kuma awon kaɗan-kaɗan ya fi na sari tsada. Mai bashi kuma ba ya ciniki, ba ya zuwa wani kanti ya gwada farashi.

Ka zauna da maiɗakinka da littafin, ku raba abin da ke ciki gida uku: abincin gida, kayan shanu, da abin da za a iya haƙura da shi. Sau da yawa idan na yi wannan zaman da manoma, sai mu tarar wani babban kaso na abin da ake kira bashin cefane dusa ce da allurar da aka saya ba da shawarar kowa ba. Ka buɗe naka littafin, duk abin da aka ɗauko a rubuta a ranar. Wannan ba zargin mai kanti ba ne, kare zumunci ne. Sai ka same shi ku yi magana ta mutunci: a tsayar da tsohon bashi a inda yake, kuɗin saniyar da za ka sayar ya rage kaso mai tsoka, sauran a biya wata-wata. Ranar da kuɗin madara ya shigo, a fara sayen busassun kayan wata guda a dunƙule kafin kuɗin ya watse.

Abincin shanu na saye kuma a daina rabawa daidai wa daida. Abin da aka saba shi ne kilo 1 na haɗin ga kowace lita 2 zuwa 2 da rabi da saniya ke bayarwa. Mai sabuwar haihuwa ita za ta ci da yawa, wadda ke gab da ƙafewa ciyawa mai kyau ta kusa isar ta. Ka saya lokacin girbi da yake araha, amma ka shinshina ka duba. Abincin da ya yi hunhuna yana ɗauke da gubar afalatoksin, wadda ke bi ta jikin saniya ta fito a madara, kuma tafasawa ba ta kashe ta.

Batun biyan ƙarshen wata ba kai kaɗai yake damu ba, kuma ba kai kaɗai za ka gyara shi ba. A 1946 manoman gundumar Kaira a jihar Gujarat ta Indiya, da 'yan tsakiya suka ishe su, suka kafa ƙungiyar gama kai a garin Anand, wadda ta zama Amul, sanannen sunan kayan madara na Indiya. Tsarin shi ne kowane ƙauye ya tara madararsa safe da yamma, a auna maiƙonta a gaban mai ita, a biya shi ba tare da dogon jira ba. A 1970, ƙarƙashin jagorancin Verghese Kurien, shugaban hukumar raya harkar madara ta ƙasar a lokacin, aka fara baza tsarin a faɗin ƙasar, kafin ƙarshen shekarun 1990 Indiya ta wuce kowace ƙasa yawan madara, alhali galibin masu samar da ita dabbobi ƙalilan ne da su. Ba na cewa ku yi irin wannan gobe. Amma mutum ashirin da ke kai madara wuri ɗaya, idan suka je tare suka nemi a riƙa biya duk mako biyu, ana sauraron su fiye da mutum ɗaya.

Ita kanta gonar

Hekta 1 cikin 3 sulusin ciyawarka ce. Shanun ba za su rage ci don gona ta ragu ba. Abin da take ba ka yau da guminka, daga ranar da ka sayar da kuɗi za ka riƙa sayen sa, kowace shekara, kuma a lokacin da ya fi tsada. Tsugune ba ta ƙare ba ke nan: ka biya bashin abincin mutane, ka buɗe na abincin shanu. A kanta kuma kake zuba taki. Sannan ta bakin hanya ce, ta inda madararka ke fita. Idan aka yi gini a wurin, maƙwabtaka za ta zo da ledoji da ƙusoshi da guntayen waya da tsofaffin batura. Na sha farka cikin saniya na ciro dunƙulen leda, kuma ƙusa ɗaya tana iya huda tumbi ta taɓa zuciya. Bayan haka ƙorafin wari da ƙuda zai biyo.

Akwai inda nake goyon bayan sayarwa. Idan rai ne a asibiti, ba a tsayawa lissafi. Idan bashi ne mai ruwa da ke neman cinye gonar duka, gara a yanke yanki a tsira da saura. Idan kuma kuɗin zai koma wani abin da ke haifar da kuɗi, kamar rijiya, tunda madara kashi 87 cikin 100 ruwa ce kuma saniyar da ba ta ƙoshi da ruwa ba ba ta cika ƙwarya, ko a sayar da ƙaramin wuri mai tsada a sayi babba a gaba kaɗan, wannan ciniki ne. Bashin cefane ba ya cikin waɗannan. Kuɗin gona kuma idan ya shigo gida ba shi da aikin da aka riga aka yanka masa, kowa sai ya tuna da bukatarsa.

Kafin sayarwa akwai haya. Ka ba da wani yanki na shekara ɗaya, a rubuce, da shaidu, da ranar ƙarewa. Jingina kuwa ka yi hattara da ita, gonaki da yawa ta nan suka salwanta.

Idan bayan wata ukun lissafi ya nuna ba makawa, to ka fara da kalmar da ka rubuta da kanka: "mahaifinmu ya bari". An raba gadon? Idan ba a raba ba, gonar ba taka ba ce kai kaɗai, kuma duk mai haƙƙi, maza da mata, sai ya yarda a rubuce. Dokar filaye ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A wasu wurare sai da amincewar hukuma, a wasu ba a yarda a mayar da gona filin gini ba sai da izini. Wannan aikin lauya ne, ba nawa ba, kuma ya zama lauyanka, ba wanda mai saye ya kawo ba. A kawo safiyo ya auna ya kafa duwatsun iyaka a gaban maƙwabta. A rubuta a takardar cewa hanyarka zuwa titi da hanyar ruwa suna nan. Ka nemi tayi daga mutum biyu ko uku. Ka yanka daidai bukata, ba lallai hekta guda ba, kuma in zai yiwu daga baya, ba daga gaba ba. Kada ka sa hannu ko ka miƙa takarda a kan kafin alƙalami, sai kuɗi ya cika ta banki. Dillali kuma ka tuna la'adarsa sai an yi ciniki take fitowa, shi ya sa zai ce maka mai sayen yana sauri.

Ban taɓa hantsar shanunka da hannuna ba, abin da na faɗa a kan su daga kwatancinka ne, kuma wanda zai zo ya duba su maganarsa ta fi tawa. Dillali dai ka ce masa sai bayan wata uku. Kafin nan ka aiko mini da abu huɗu: sakamakon gwajin cikin shanu ukun, abin da farantin gwaji ya nuna a kowane ɗaki, dalilin da aka ba ka na dawo da madarar, da jimillar littafin kanti bayan kun raba shi gida uku. Da su za mu san wace saniya ce za ta fara fita, da kuma wata nawa bashin zai ɗauka kafin ya ƙare.